Manomin da Ya Hana Iri

Ran Laraba ce, da hantsi, mako guda bayan an gama shigar da dawa rumbu. Akwai wani manomi a wani ƙauye da ya ɗauki gatari a wannan safiya, ya saro ƙaya, ya kewaye gonarsa da shinge. Har 'yar hanyar da mata suke bi zuwa rafi ya toshe. Daga wannan sa'a abin ya fara.

Gonar nan kuwa ga yadda ta zo hannunsa. Mahaifinsa baƙo ne, yunwa ce ta koro shi daga ƙasarsu, ba shi da kome sai fartanya. Mai gari ya nuna masa daji, mutanen gari suka yi masa gayya suka sare. Wata tsohuwa kuma, ana ce da ita Kande, ta ba shi irin dawa cike da ƙwarya. Ita ce ta yi shekaru tana bin gona tana tsinke zangarniyar da ta riga sauran nuna, tana ratayewa a bisa murhu inda hayaƙi zai kore ƙwari. Saboda haka ake kiran dawar 'Yar Kande.

Al'adar garin ita ce, ba a sayar da iri. Wanda ya zo da ƙwarya a zuba masa. In kaka ta yi, shi kuma ya zaɓi zangarniya mafi kyau ya kai wa wanda ya ba shi. Ta haka kowane gida yana da irin wani gida a rataye a ɗakin girkinsa.

Da mahaifin ya rasu, ɗan ya gaji gonar. Gaskiya dai, ba rago ba ne. Ya ci gaba da zaɓen da tsohuwar ta fara, ya ma fi ta sa ido, shekara da shekaru, har ya zamana dawarsa takan nuna tun ta maƙwabta ba ta gama fitar da kai ba. Ko ruwa ya ɗauke da wuri, shi yakan cika rumbu. Sai ya ce a ransa, ƙasar tasa ce, irin nasa ne, dabarar ma tasa ce. Ya hana a kira dawar da sunan tsohuwar, ya sa mata nasa sunan.

Yana sayar da hatsi, amma ba ya sayar da tsaba. Duk wanda zai fita daga gidansa sai matarsa ta surfa shi a turmi tukuna, domin surfaffiyar dawa ba ta tsirowa. Matar ta yi ta surfe har tafin hannunta ya yi kanta. Ya hana matan gari kala a gonarsa. Mutane suka riƙa cewa saura tsuntsaye ya kai ƙara gaban mai gari.

Wata rana maƙwabcinsa, jikan tsohuwar nan, ya zo da ƙwarya ya tsaya a bakin shinge. Suka gaisa, ya tambayi iyali, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi, ya kuma tuna masa cewa kakarsa ce ta ba mahaifinsa iri.

Manomin ya ce, "Abin da kakarka ta bayar ya ƙare a tukunya tun ba a haife ka ba. Wannan gumina ne."

Maƙwabcin ya ce, "Na yarda, ɗan'uwa, ka yi gumi. Ruwan saman fa, shi ma guminka ne?"

"In ruwan sama kake so, je ka tara ƙwaryarka a waje."

Maƙwabcin ya kife ƙwaryarsa a ka ya koma gida.

Daga nan tsoro ya kama manomin. Ya ga duk mai shiga ɗakin girki zai iya murje 'yan ƙwayoyi ya zuba a aljihu. Sai ya sauke zangarnun nan duka daga bisa murhu, ya tara su cikin ɗan rumbu guda a bayan gida, ya yaɓe bakin da laka. Matarsa ta ce masa ba a raba iri da hayaƙi, ya ce ta kula da turminta.

Da ruwan fari ya sauka, ya fasa lakar ya zura hannu. Gara ta shigo ta ƙasa, ƙwari sun gama abin da ta rage. Gari kawai ya damƙo.

Sai ga manomin nan da kansa da ƙwarya, yana bi gida gida, yana tambaya ko akwai wanda ya ɓoye ko da zangarniya ɗaya ta dawarsa. Ya ce ko sacewa mutum ya yi, ya yafe, a dai fito da ita. Ba wanda ya sata. Kowa ya kawo abin da ya saya a wurinsa, surfaffe, fari tas. Da ya iso gidan maƙwabcin, sai maƙwabcin ya miƙa hannu bisa murhu ya sauko masa da tsohuwar 'Yar Kande, ya cika masa ƙwarya.

A shekarar kuwa ruwa ya ɗauke da wuri. Tsohuwar dawa ta fitar da kai, ta bushe a tsaye ba ta yi ido ba. Dawar da za ta ceci garin duka, da tana rataye a ɗakuna ashirin, ta mutu cikin rumbu guda. Kafin wata damina, mutane suka ɗaure kaya suka watse.

Ma'anar wannan misali ke nan, ku kasa kunne. Gonar ita ce ƙasar da muke takawa. Irin shi ne duk wani sani da mutum yake taƙama da shi, ko na noma, ko na magani, ko na waƙa, ko na littafi. Manomin kuwa, kada ku waiwaya kuna neman sa a bencin baya na majami'ar nan.

Ba na ce mutum kada ya ci daga aikinsa ba. Manomin nan ya yi wahala, da ya sayar da hatsinsa da daraja, da an kira dawar da sunansa tare da na tsohuwar, ba mai ganin laifinsa. Laifinsa shi ne ya ɗauki riƙon amana ya mai da shi mallaka. Wa ya halicci ƙasa a cikinmu? Wa ya taɓa ƙirƙiro ƙwayar dawa guda? Ubangiji ne ya yi su, mu tarar da su muka yi, za mu kuma bar su. Abin da ka sani, wani ne ya fara zuba maka a ƙwarya. Baƙaƙen da nake rubutu da su ma, a gindin ɗorawa aka koya mini, ba wanda ya ce in na koya wa wani zai kai ni ƙara.

Amma me nake gani yanzu? Mutum ya san saiwar da take maganin sarar maciji, ya ƙi gaya wa ko ɗansa, a binne shi da ita. Mata su haɗa waƙa a zumuntar majami'a, wani ya ɗauka ya sa sunansa, ya ce ba mai rera ta sai da izininsa. Wani ya zo da takarda ya kewaye makiyayar da kakannin gari suka bar wa kowa, ran Lahadi kuma ya zauna a gaba yana raira yabo da ƙarfi. Wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai, ban kuwa ga dalilin da zan ɓoye ba. Abin da ka kulle don kada wani ya samu, ka sani gara tana da hanyarta. Abin da ka bayar, shi ne za ka tarar a bisa murhun maƙwabci ranar da naka ya ƙare.

In kuna so ku san waɗanda suka rage a garin nan, ga su. Mai gari, wanda ya tsufa har ba ya iya tafiya. Maƙwabcin da iyalinsa, suna cin tafasa da rama. Matar manomin, ba abin da za ta surfa. Sai manomin kansa, a cikin shingensa, ba kuma sauran wanda zai hana shiga.