Ruwan Ɗumin da Aka Daina Gwadawa

Akwai wani maigida wanda mahaifiyarsa ta tsufa, ciwon gaɓoɓi kuwa ya hana ta sakat. Da likita ya ce zama cikin ruwan ɗumi zai rage mata zafi, sai maigidan ya sa aka kafa mata kwamin wanka a bayan ɗakinta, da na'ura mai sarrafa gishiri ya zama kulorin, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa.

Ma'aikacin da ya haɗa na'urar ya gargaɗe shi cewa ruwan ɗumi yakan cinye kulorin da sauri. Ya ba shi 'yan takardun gwaji, ya ce kowace safiya a tsoma ɗaya a duba launinta, a ƙara gishiri in ya ragu, a wanke cikin na'urar in farin datti ya daskare.

Watan farko maigidan ya kiyaye duka. Tsohuwa ta ji sauƙi, har ta koma zuwa sujada a ikilisiya da ƙafarta. Sai ya ce a ransa ai na'ura ta san aikinta. Kullum ya wuce yakan ji ƙuginta, ya ga ruwa garau, ya kama gabansa. Ko da matarsa ta ce masa bangon kwamin ya fara santsi, ya ce zai duba gobe.

Ashe tsohuwa tana da ɗan kaushi da ya tsage a diddige. Ƙwayoyin cutar da suka taru a ruwan suka shiga ta nan, wurin ya kumbura, ya zama gyambo, ya ƙi magani. A ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar.

Maigidan ya kira ma'aikacin cikin fushi. Shi kuwa ya buɗe na'urar, ya nuna masa dattin da ya toshe ta, ya ce, "Ranka ya daɗe, ta daɗe tana ƙugi kawai, ba ta yin kome."

Tsohuwa ba ta taɓa zarginsa ba. Wannan ne ya fi ci masa rai.

To, ga abin da misalin nan yake koya mana. Ruwan shi ne zuciyarka. Na'urar ita ce zuwa ikilisiya, da waƙa, da addu'ar da baki ya saba. Duk suna iya ci gaba da ƙara alhali bangaskiya ta mutu a ciki, mutane kuma suna ganinka garau. Gwada kanka da Maganar Allah kowace rana, ɗan'uwa. In ka ƙi, ba lalle kai ne za ka fara shan wahalar ba. Sau da yawa wanda ya amince da kai ne.