Ruwan da Ya Ɗura wa Mahaifinsa

Ku yi mini afuwa, ya 'yan uwa. Ni ba malama ba ce, ban kuma taɓa rubuta wani abu don mutane su karanta ba. Abin ne ya tsaya mini a rai, bakina kuwa ba ya buɗuwa a gaban jama'a.

An yi wani mutum a nan garinmu Banjarmasin, ba zan kama sunansa ba. Dillalin katako ne a bakin kogi, ya je Makka sau biyu, shi ne babba a ɗakinsu. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa: a ce masa a'a.

Mahaifinsa, wanda duk gidan ke kira Abah, ya faɗi wata safiya, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka kwantar da shi a ɗakin masu ciwo mai tsanani. Kun san wurin. Dangi na baranda kan tabarma, ga shayi ga shinkafa a ganyen ayaba, amma ba mai iya ci. Da an kunna lasifika an ce "iyalan wane", gaban kowa ya faɗi kafin a ƙarasa sunan. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, bayan la'asar, na minti goma.

Mai jinyar Abah wata nas ce, Sista Hamdanah. Ita ce ke fitowa ta durƙusa gaban Uma, matar Abah kuma mahaifiyar mutumin nan, ta gaya mata yadda ya wuni. Ita ce kuma ta yi musu bayani tun ranar farko cewa maƙogwaron Abah ya daina haɗiya, ta robar hanci ake ba shi abinci, ko ɗigon ruwa aka zuba masa a baki huhu zai nufa.

Rana ta biyar mutumin nan ya je garin Martapura wajen wani malami ya karɓo ruwan addu'a a kwalba. Ruwan ba shi da laifi, ya 'yan uwa, wa a cikinmu bai sha ba? Sista Hamdanah ma ba ta raina shi ba. Ta ce ya kawo ta jiƙa auduga a shafa wa Abah a goshi da leɓe, sauran ta tambayi likita a sa ta roba. Ya ce malam cewa ya yi a sha, da baki ake sha, kuma ba yarinyar da ya girme wa ce za ta koya masa son ubansa ba.

Ƙanwarsa Masriah ta ce, "Yaya, nan fa ba wurin sauke katako ba ne. Ka rage murya."

Ya sa kwalbar a aljihu.

Da la'asar ya shiga. Na'urar wani majinyaci ta yi ƙara, Sista Hamdanah ta ruga can. Shi kuwa ya tallafo kan mahaifinsa, ya yi bismillah, ya ɗura masa. Abah ya ƙware. Tari bai fito ba, sai wani gurnani, leɓɓansa suka canza launi. Ma'aikata suka taru, aka zuƙe abin da ya zuƙu, aka sa masa na'urar numfashi. Huhun ya kamu. Kwana huɗu Abah ya yi, ya cika.

To, a nan ne ƙofar tuba take buɗe. Da ya ce, "Ni ne, na yi kuskure," wa zai ce ba ya son ubansa? Amma ya tuna shi ne Alhaji, shi ne babba. Sai ya jefa kwalbar a kogi, ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyon fuskar Sista Hamdanah yana ta ihu, wai ta bar tsoho ya shaƙe tana hira. Ya watsa wa duniya. Mutanen da ba su taɓa ganin ta ba suka yi ta tsine mata. Asibiti ya dakatar da ita. Ta ce ta ga wuyan rigar Abah a jiƙe, ba wanda ya saurare ta.

Ran sadakar bakwai gida ya cika. Mutumin ya miƙe gaban liman yana cewa ba zai bar jinin Abah ya tafi a banza ba. Sai Uma ta yi magana daga bayan labule, ba da ƙarfi ba.

"Ina tsaye jikin gilashin ɗakin ranar. Na ga hannunka. Tun daga ranar nake jiran ka faɗa da bakinka."

Ba wanda ya ɗaga kai. Liman ya shafa fatiha, mutane suka nemi takalmansu.

Daga nan komai ya zube. Abokan ciniki suka koma wajen wasu. 'Yan uwa suka daina neman shawararsa. Ya je neman gafarar Sista Hamdanah, ya tarar ta bar garin da 'ya'yanta, ba ta kuma sake aikin jinya ba. Uma ba ta tsine masa ba. Shekara uku ta ƙara a duniya, amma ko kofin shayi ba ta sake karɓa daga hannunsa ba. Da ciwon ajali ya kama ta, ta ce ya tsaya a baranda.

Ya 'yan uwa, kuskure ne ya kashe Abah, amma ba kuskuren ne ya hallaka ɗansa ba. Girman kai ne ya hana shi jin wadda ta fi shi sani, shi ne kuma ya sa ya ɗora laifinsa kan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Tashin hankali ba ya halatta ƙazafi. Me zai ce ranar da hannunsa zai yi magana?

Allah ya tsare mu daga irin wannan, ya ba mu ikon cewa "ni ne" tun ana iya gyarawa. Amin.

Na ji an fara shimfiɗa tabarmin karatu. Zan sa takardar nan ƙarƙashin littafin Malama mai karantar da mu, don ta karanta muku, in fita ta ƙofar baya.