Sallamar da Kawu Bai Yi Ba

Akwai wani ɗan wasan kwaikwayo da kowa ke kira Kawu. Ya samo sunan ne daga wani shiri da ake nunawa a talabijin kowane mako, inda yake fitowa a matsayin tsohon mai shago, mafaɗaci mai ban dariya. Shirin ya daɗe, har yaran da suka fara kallonsa a cinyar iyayensu sun girma suna kallo da nasu 'ya'yan. Kawu gwani ne, babu mai musu. Illarsa ita ce girman kai. A ganinsa shi ne shirin, sauran 'yan wasa cikon benci ne.

Wata rana darakta ya tara su ya ce tasha ta yanke shawarar kammala shirin, saura fitowa ɗaya. Ya bayyana musu yadda za a ƙare: Kawu zai miƙa makullin shago ga yarinyar da ke fitowa a matsayin 'yarsa, ita kuma ta juyo ta yi wa masu kallo ban kwana.

Kawu ya ce, "Ita za ta yi maganar ƙarshe? Yarinyar da aka haifa ina cikin shirin nan?"

Darakta ya ce, "Kawu, kai za ka yi jawabi kafin ita, kuma naka ya fi tsawo."

"Ko ni in rufe, ko ku nemi wani Kawun."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ranar ɗaukar shirin ya kashe wayarsa, ya kishingiɗa a falo. Matarsa ta goge masa rigar da yake sawa a wasan, ta rataye a jikin ƙofa.

Ta ce, "Maigida, ka tashi ka je. Ba don darakta ba, don mutanen da ke jiranka."

Ya ce, "Ki zuba ido. Kafin la'asar za ki ji mota a ƙofar gida, sun zo biko."

La'asar ta yi, ta wuce, babu mota. Darakta ya jira iyakar jira, ya aika yaro a ƙafa har sau biyu aka ce Kawu ba ya ganin kowa sai darakta da kansa. Ga shi washegari za a karɓe ɗakin ɗaukar shirin. Sai ya sauya labarin. Aka nuna kujerar Kawu babu kowa, makulli a kanta. 'Yar ta shigo ta ce babanta ya yi tafiya, ta ɗauki makullin, ta gode wa masu kallo, ta ja ƙofar shago ta rufe.

Da aka nuna shirin, Kawu ya zauna kallo yana jiran ya ga yadda abin zai rushe ba shi. Bai rushe ba. Ta bayan katanga yana jin maƙwabta suna tafi. Matarsa ta share hawaye, ta tashi ta shiga ciki.

Bayan kwana biyu ya je kantin magani. Wata tsohuwa da ke kan layi ta ƙura masa ido, ta ce, "Kai ne Kawu?"

Ya gyara tsayuwa ya ce shi ne.

Ta ce, "Ni da marigayi maigidana ba mu taɓa barin shirinka ya wuce mu ba. Yana kwance ba ya iya cin abinci, amma in ka fara faɗa sai ya yi dariya. Ranar ƙarshe na yi kwalliya na zauna a wurin zamansa, don in yi maka sallama a madadinmu. Sai ga kujera. Ba ka da lafiya ne, ɗana?"

Kawu ya ce, "Lafiyata ƙalau, Iya."

Ta ce, "To, Allah Ya kyauta." Ta karɓi maganinta ta tafi.

Daga nan bai koma gida ba, ya zarce tasha. Ya tarar kafintoci sun ɓalle katakon shagon, suna loda shi a mota. Ya sami darakta a bakin ƙofa, ya roƙe shi a ba shi ko da minti ɗaya ne ya yi wa jama'a ban kwana.

Darakta ya ce, "Kawu, da a hannuna yake da na ba ka. An riga an ba wani shiri lokacin."

Kawu ya tsaya yana kallo har motar ta fice daga harabar. Bai sake fitowa a talabijin ba, kuma duk inda aka yi hirar shirin, abin da ake fara tunawa shi ne bai zo ranar ƙarshe ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk ɗaukakar da mutum ya samu, jama'a ne suka ba shi, kuma suna da haƙƙi a kansa. Mai girman kai yakan ɗauka wasu yake hukuntawa, alhali kansa yake cuta da masu ƙaunarsa. Idan lokacin rabuwa ya zo, ka je ka yi sallama ko da ba kai ne a gaba ba, domin irin wannan rana ba ta dawowa.