Tukwanen da Darakta Ya Sa Aka Yi wa Fenti

Akwai wani babban jami'in lafiya da gwamnati ta damƙa wa kula da asibitocin yankinsu. A gabansa Darakta ake ce masa, a bayan idonsa kuwa ma'aikata Mai Fenti suke kiransa.

Sunan ba a banza ya bi shi ba. In aka ce masa rufin ɗakin haihuwa na yoyo, sai ya ce a shafa fenti. In aka ce babu magani, ya ce a fara gyara bango tukuna, wai abin da ido ya gani shi ake yabawa.

Yana da wata dabara da yake ji da ita. Duk ranar da manyan baƙi za su zo duba aiki, sai ya tura mota ta kwaso kaya masu kyau daga ƙananan asibitoci, a jera su inda baƙin za su shiga. Baƙi su yaba su tafi, kaya su koma in an tuna da su.

Mutum ɗaya ce a duniya Darakta yake rusunawa, wato yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinkinta ta yi masa karatu. Har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba.

Yaya tana fama da ciwon asma. Ya sha roƙonta ta dawo gidansa, ta ƙi.

"Ina za ni, Auta? Ga asibiti a bayan gidana, kuma ƙanina ne mai asibitocin. Ni da ciwo ai sai dai mu gaisa."

Asibitin da take nufi ɗan ƙarami ne, ɗaki uku da baranda. Amma akwai tukwanen iskar oksijin guda biyu a ciki, kuma su ne suka sha dawo wa Yaya da numfashinta.

Rannan aka ce manya za su zo buɗe sabon sashe a babban asibiti. A cikin tawagar akwai wani likita mai shegen bin diddigi, wanda ba ya yarda da gani, sai ya murɗa abu ya ji yana aiki. Tukwanen babban asibitin kuwa sun daɗe babu komai a ciki, domin ba a sake cika su ba.

Darakta ya je ƙaramin asibitin da kansa, ya ce a ɗora tukwanen nan biyu a mota.

Malamar jinya da ke kula da wurin ta biyo shi har baranda.

"Yallaɓai, don Allah a bar mana ko guda ɗaya. Masu asma suna zuwa ba sanarwa. Yaya ma nan take zuwa."

"Jiya na yi waya da Yaya, lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Yini ɗaya ne, Malama. Ko ke za ki koya mini aikina?"

"A'a, yallaɓai. Amma in mutane suka ga wurin wayam, me zan ce musu?"

Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya shirya amsa. Ya sa aka sauko da wasu tsofaffin tukwane biyu marasa iska, an feshe su da sabon fenti suna ta ƙyalli, aka ajiye a gurbin waɗancan.

"Ga su nan. Wa zai ce babu?"

Malamar ta dube su. Ta san kayan aro ba ya rufe katara, amma wa zai faɗa wa Darakta?

Washegari babban asibiti ya ɗau kwalliya. An shimfiɗa sababbin zannuwa a gadaje, an ɗaura wa tukwanen aron jan ƙyalle. Darakta har ya roƙi a rufe babban titi saboda ayarin baƙi, kada cunkoso ya ɓata musu rai.

Likitan nan mai bin diddigi ya murɗa tukunya, iska ta fito fuu. Aka yi tafi. Darakta ya ji kansa ya yi girma.

A daidai lokacin wayarsa ta yi ta rawa a aljihu. Ya share. Ta sake, ya sake sharewa. Da ta ƙi dainawa ya koma gefe ya ɗauka. 'Yar Yaya ce.

"Kawu, Mama ce. Numfashinta ya sarƙe, muna asibitin bayan gida. Kawu, ka zo."

Bai yi wa kowa sallama ba. Ya tare mai babur ya haye da babbar rigarsa, suka bi ta lunguna.

Ya tarar da Yaya a kan gado, ƙirjinta na sama da ƙasa, leɓɓanta sun sauya launi. Malamar jinya ta yi mata allura, ta tallabe ta zaune, 'yarta na yi mata fifita da murfin kwali.

Hankalinsa ya tashi har ya manta abin da hannunsa ya aikata jiya. Idonsa ya faɗa kan tukwanen da ke kusurwa suna ƙyalli.

"Me kuke jira? Ga oksijin nan, ku sa mata mana!"

Ya ja tukunya ɗaya da kansa, ya murɗa. Shiru. Ya murɗa ɗayar har hannunsa ya yi ja. Ko motsin iska babu. Sai fentin da bai gama bushewa ba ya manne masa a tafin hannu.

Malamar ba ta ɗaga murya ba.

"Yallaɓai, waɗannan su ne ka kawo jiya."

Jama'a, Darakta ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi hannunsa, ya dubi Yaya.

Ya lalubo waya ya kira direban motar asibiti, ya ce a kwance ƙyallen nan a kawo tukwanen yanzu-yanzu.

"Yallaɓai, na ɗora su," in ji direban bayan ɗan lokaci, "amma an hana ni fita. Titi a rufe yake sai ayari ya wuce. Sun ce kai ka ce a rufe."

Darakta ya durƙusa a gefen gadon. Yaya ta buɗe ido da ƙyar, ta kama hannunsa mai fentin.

"Auta... ka zo? To... yanzu za su sa mini."

Har ta cika ba ta san komai ba. Ta tafi da yaƙinin cewa tunda ƙaninta ya iso, an gama.

Motar ta iso bayan an rufe Yaya da zane. Aka sauko da tukwanen, ɗaya har da guntun jan ƙyalle a wuyanta. 'Yar Yaya ta dube su, ta dubi na kusurwa, sannan ta juyo.

"Kawu, wa ya ɗauke su daga nan?"

Kafin ya amsa waya ta yi ƙara. Shugaban tawagar ne, cike da fara'a.

"Darakta, ina ka shige? Ka fitar da mu kunya. Yadda muka ga oksijin a asibitinku, mun tabbata ba wanda zai rasa numfashi a yankin nan."

Darakta ya dubi fentin da ke tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ku juyo da ayarin. Akwai asibitin da ban nuna muku ba."

Suka zo. A gaban gawar yayarsa ya faɗi komai, daga tukwanen aro har bangayen da ya rufe da fenti. An dakatar da shi, an yi bincike, an cika tukwane a asibitocin yankin. Duk an yi, amma Yaya ba ta dawo ba.

'Yarta kuwa har yau tana gaishe shi in sun haɗu, sai dai ba ta ƙara ce masa Kawu ba. Darakta take ce masa, kamar kowa.

Darasi: Duk wanda aka ba amanar lafiyar jama'a ya sani cewa rayuka aka ba shi, ba bango ba. Ƙaryar da ka shirya don burge manya, a kan gadon marar lafiya take fashewa, kuma ba ka san wa zai kwanta a gadon ba. Mu ma kada mu yi shiru in mun ga ana rufe ɓarna da ado, mu tambaya, mu kai ƙara. Ku tura wannan labari, ko Allah zai sa ya kai ga wani Mai Fenti tun Yayarsa tana numfashi.