Kurege Mai Rabon Sama

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, rumbuna suka bushe, har ɓera ya daina leƙa su. Kurege da maƙwabciyarsa Bushiya, mai 'ya'ya ƙanana, suka koma kala a masussuka. Suka share, suka share, suka tara ƙwarya guda, wake gauraye da yashi.

Kurege ya ɗora a ka. Kun san tafiyarsa, tsalle ne da rawar jiki. Da ya sauke sai ya ga waken duk ya hau sama, yashin ya silale ƙasa ta tsakanin ƙwayoyin. Ya haɗiye miyau.

Ya ce, "Yaya Bushiya, ke ce mai iyali. Ni in ɗan kwashi na sama, ke ki riƙe na ƙasa, ai ya fi nauyi."

Ta yi godiya, ta je gida ta juye, yashi ne zalla. Kullum haka: a share, a girgiza, na sama nasa, na ƙasa nata. Kurege na ƙiba, 'ya'yan Bushiya na ramewa, har autarta ta kwanta ba ta tashi ba. Ya je gaisuwa, ya fi kowa kuka, bakinsa na warin wake. Abin takaici!

Wake ya ƙare. Bushiya ta tafi ita kaɗai masussukar gero, can kan fako mai tsakuwa, ta dawo da ƙwarya rufe da faifai. Kurege ya tare ta.

"Haba Yaya, kina cikin makoki? Kawo in ɗaukar miki."

Ya yi tsalle, ya ƙara tsalle, har da juyi. Ya zura hannu ƙarƙashin faifai, idonsa na kanta kada ta leƙa. Ya ji manya-manya, ya ce wake ne, ya kwashe cikin jaka ya ruga. Yana shiga rami ya watsa a baki. Ƙaras! Haƙora suka zube. Ashe tsakuwa ce ta hau sama, gero ya sauka ƙasa.

Ya dawo dafe da baki, ya tarar tana dama kunu.

"Yaya, a sake rabo."

"Na sama naka, kai ka yanke," in ji Bushiya. Sai ta ɗauko ƙoƙon autarta, ta cika, ta miƙa masa. "Sha. Mai shi ba ta nan, kai kuma ba ka iya tauna."

Ya shanye kuwa, mara kunya, har da lasa.

Kurunkus! Ku kuma in za ku cuci maƙwabci, ku dai fara ɗaga faifai.