Gunkin Ƙarfe Mai Koriyar Riga

An yi wani mutum a nan Kentucky, mai kiwon dawakin tsere. Ba zan kama sunansa ba, tsofaffin cikinku sun san shi.

Kun san sukuwar kaka ta duƙusai 'yan shekara biyu. Kun san gunkin ƙarfen nan mai siffar mahayi a ƙofar filin, wanda duk shekara ake yi wa fenti da launin gidan da ya ci. Kakan mutumin nan ya ci, aka shafa kore, launin gidansu. Ubansa ma haka. Shi kuwa har furfura ta fito masa bai taɓa ci ba, abin yana cin ransa.

Sai ya samu wani duƙushi mai gudun bala'i. Ana gab da tsere, ƙwaurin dokin ya ɗau zafi. Orval, tsohon da ke horar masa da dawaki, ya shafa ƙafar ya ce, "Maigida, ƙashin nan ya tsage. Jariri ne fa. A bar shi ya huta."

"Ya huta? Baɗi ya shekara uku, wa zai bar shi ya shiga? Tsufa ya mai da kai matsoraci, Orval."

A lokacin ba a fara gwada jinin dawaki don gano ko an yi musu allura ba. Da hannunsa mai dokin ya yi wa ƙafar allurar kashe zafi. To wa zai hau? Wendell, ɗansa tilo.

Wendell na ɗaura hula ya ce, "Baba, ƙafar ta warke kuwa?"

Uban ya dubi tsabar idonsa ya ce, "Garau. Hau abinka."

Ya 'yan uwa, ina wurin. Dokin ya ci! Yana ƙetare layi muka ji ƙas, kamar an karya busasshen ice. Ya kifa. Sauran dawakin suka bi ta kan Wendell.

Hanyar maƙabarta ta ƙofar filin ta bi. Ranar da muka wuce da gawar Wendell, ga gunkin nan tsaye da koriyar riga, fentin ko bushewa bai yi ba. Uban ya kalle shi ya kurma ihu. Daga ranar bai ƙara gane kowa ba har ya mutu.

Ya nemi suna, an ba shi. Me ya biya? Wanda ya sa wani abu gaba da Allah, abin nan zai nemi yanka, kuma ba ya karɓar ramamme, sai wanda ka fi so. Kai da ke zaune, wane gunki kake son a shafa wa launinka?

Allah ya kiyaye mu da samun abin da zai ci 'ya'yanmu. Amin.