Zakara da Kura a Ƙasar Dogon Dare

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji, Malam.

Abin da ya kai Zakara da Kura ƙasar ƙanƙara, can ƙarshen arewa, wallahi ya shige mini. Na dai tuna suna isa rana ta faɗi, Kura ta danne Zakara za ta cinye.

Ya ce, "Haba, ranki ya daɗe, a ci ladan bai kira asuba ba?"

Ta ce, "To, na rantse ba zan ci ka ba sai ka yi cara."

Zakara ya takure yana jiran ajali. Shiru, gari bai waye ba. Sai ga barewar ƙasar, mai rassan ƙaho, tana tonon ciyawa a ƙarƙashin ƙanƙara.

Ya ce, "Baiwar Allah, yaushe gari ke wayewa a nan?"

Ta ce, "Sai wani watan, baƙo. Mu ma mun gaji."

Ya riƙa tsattsagar abin da ta tono, Kura kuwa yunwa na cin ta.

Ta ce, "Ladan, yi cara mana!"

"Ban ga alfijir ba, ranki ya daɗe."

Ranar da haske ya ɓullo, Zakara ya so ya yi shiru, amma maƙogwaro ya ƙi. Ya yi cara.

Kura ta buɗe ido ɗaya. Ko kai ta kasa ɗagawa saboda yunwa. Ta ce, "Sannu da aiki, ladan. Je ka kawai."

Daga baya na bincika a littattafai: gaskiya ne, can rana takan yi watanni ba ta fito ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya daskare.